Haddar Allon Gwajin Ido

Ni ne Malam Maiwada, wanda ya riƙe aji uku a firamaren En'e ta Kudan shekarun da aka samu 'yancin kai. In ka tambayi tsofaffin garin, ba wanda zai tuna maka da lissafin da na koyar ko ƙwallon da na buga. Cewa za su yi, "Wa? Mai haddar ido?" sannan su kama ciki. Gara in ba da labarin da bakina, domin masu ba da shi suna ƙara masa gishiri, alhali gishirin da ke cikinsa ya isa.

Shekara uku da samun 'yancin kai, takarda ta zo wa hedimastanmu, Malam Jumare. Hukumar En'e za ta aiko malamin asibiti ya zaga makarantu yana duba idon yara da haƙoransu: Litinin Ikara, Laraba Makarfi, Litinin ta sama kuma Kudan. Duk yaron da aka samu idonsa da rauni, motar En'e za ta kai shi Zariya a yi masa magani ko a ba shi tabarau. Zuwa ɗaya motar za ta yi, ba wanda ya san ranar da za ta sake biyowa.

Malam Jumare ya naɗe takarda ya ce alhamdu lillahi. Ni kuwa, a wurina, duk abin da za a jera yara a kira su ɗaya bayan ɗaya a rubuta sakamako, jarrabawa ce. Jarrabawa kuma ajina ba ya faɗuwa.

Da la'asar na iske majalisarmu a gindin durumin masallaci, na baje babbar riga na soma.

"Ku rubuta ku ajiye. Yara arba'in da biyu gare ni, ba ɗaya da za a ce idonsa ko haƙorinsa ya gaza. Ikara da Makarfi sai su zo su koya. Ni ido gadonmu ne. Daga nan inda nake zaune ina hango kaska a kunnen saniya a can garin Likoro."

Maƙwabcina Alaramma Ashafa, dattijon da ya yi shekara arba'in yana karantar da allo, ya ɗago kai daga carbinsa.

"Malamin boko, ba kai ne bara ka durƙusa ka gaida turmi a ƙofar gidan surukanka ba?"

"Allah gafarta Malam, turmin an lulluɓa masa zane ne."

"Har gajiya ka tambaye shi, da yara, da kwanan baƙi."

"Ai girmama na gaba tarbiyya ce," in ji ni. Suka yi ta dariya, na ɗauka hassada ce.

A gida matata Uwaliya ta tare ni da murna, ashe labari ya riga ni shiga.

"Malam, Allah ya kawo mana sauƙi har gida. A duba mana yarinyar nan."

Yarinyar nan ita ce Ummuhani, 'yarmu ta biyu, shekararta tara, a ajina take. Kai gare ta kamar me, abu sau ɗaya take ji ta riƙe. Amma littafi har kan hanci take kai shi, kuma duk abin da na rubuta a allo daga littafin ta kusa da ita take kwafa. Sau biyu tana wuce gwaggonta a hanya ba gaisuwa, har gwaggon ta yi wata guda tana fushi.

"'Yar Malam Maiwada a rubuta ta cikin waɗanda suka faɗi? A ajin ubanta?"

"Wace faɗuwa kuma? Magani aka ce za a yi."

"Ke dai ki ji da tuwonki, ki bar wa masu ilmi harkar ilmi."

"Tuwon da ka kwarara wa kunu jiya ka ce miya ce?"

Na kaɗa riga na fice, domin ina da babban aiki a gabana.

Ranar Laraba na ɗaure haɓata da ƙyalle, na iske Malam Jumare ina nishi, na ce haƙori ya hana ni sakat, zan je Makarfi neman magani. Bawan Allah ya tausaya mini, har rakiya ya yi mini bakin ƙofa. Na hau kekena na taka. Ranar kasuwa ce, hanya cike da jakuna da kayan rake, sau biyu ina yi wa kututture ƙararrawa ya kauce.

Na zagaya bayan makarantar Makarfi, na ɗora tubali biyu, na hau na leƙa ta taga. Ga malamin asibitin, wani gajeren mutum mai tabarau da farar riga, ya rataye wani farin allo a bango. A jikin allon ba komai sai harafin E, wani ƙafafunsa sun dubi sama, wani ƙasa, wani dama, wani hagu. Na can sama ƙato ne, kowane layi kuma yana ƙanƙancewa har layi bakwai. Yaro zai tsaya daga nesa, a nuna masa harafi da sanda, shi kuma ya faɗi inda ƙafafun suka duba.

Na ce a raina, shi ke nan? Wannan ce jarrabawar da ake ta yi wa takarda?

Na zaro littafi na kwafe. Layi huɗu na sama na gan su tangaran. Uku na ƙasa kuwa sai suka yi mini kamar jerin tururuwa. Na ce hasken rana ne. Na cike su da hankalina: inda aka yi sama sau biyu, ai adalci ne ƙasa ta samu nata. Ina kan na ƙarshe sai mutumin ya waiwayo, muka yi ido huɗu. Na yi maza zan sunkuya, tubali ya goce, na zube cikin tarin ɓawon rake, ƙudaje suka tashi suka ba ni wuri. Na kakkaɓe riga, na sayi mazarƙwaila biyu don hanya, na komo Kudan kamar wanda ya ciwo yaƙi.

Washegari na soma karantarwa. Ba a banza na yi makarantar allo ba tun ina ƙarami. Na san yadda ake sa abu ya zauna a kan yaro: a biya masa, ya amsa, a maimaita har ya zama jiki. Na raba layukan gida-gida, na sa musu murya.

"Sama! Dama, ƙasa! Hagu, sama, dama!"

Yara arba'in da biyu suka ɗauka, suna rangaji gaba da baya. Ummuhani sau biyu ta ji ta haddace duka bakwai, sai na miƙa mata biyawa, na koma gefe ina lilo da bulala ina jin daɗin kaina.

Alaramma Ashafa ya leƙo ta kan katanga.

"Malamin boko, na zaga gabas na zaga yamma neman karatu, ban taɓa cin karo da wannan ba. A wane littafi yake?"

"Sabon ilmi ne, Alaramma. Ku jira Litinin."

"To. Amma ka ji daga bakin wanda ya tsufa a sana'ar. Mai sabuwar hadda, in ka tare shi a tsakiya, sai ya koma farko."

"Nawa yaran ba irin naka ba ne."

"Haka ne. Nawa sun san abin da suke karantawa."

Kafin Lahadi karatun ya fita daga makaranta ya shiga gari. Mata na daka suna hagu, sama, dama. Wani mai jaki na ji yana kora jakinsa da layi na biyar. Uwaliya ta ce in ta ƙara ji a gidanta za ta tafi gidansu ta bar ni da turminta, tun da dai ni da shi mun saba.

Saura haƙora. Na kafa doka: daga yau har Litinin, ba ɗan aji uku da zai sha rake ko ya lasa mazarƙwaila. A Kudan fa, inda yaro ke tasowa da karan rake a hannu tun kafin ya iya tafiya. Fatsuma, wadda ke sayar da mazarƙwaila a ƙofar makaranta, ta tsare ni a gaban yara.

"Malam, kai ne ka hana mini ciniki?"

"Zaƙi yana ɓata haƙori. Ilmi ya tabbatar."

"To wa ya kai ka sha? Kullum kafin a kaɗa ƙararrawa ba kai ke aiko a ba ka mai kauri-kaurin ba?"

"Wannan bincike nake yi."

"Allah ya ba da sa'ar bincike," ta ce, ta jawo faifai ta rufe kayanta.

Na kuma umarci kowane yaro ya zo da aswaki, da dakakken gawayi, da gishiri. Safe da rana muna fita fili a jeru a dirje haƙora ina ƙirgawa. Wanda ya ce dasashinsa na zafi, in ce masa alamar aiki na ci ne.

Ranar Litinin gari ya taru. Dagaci ya zo da mutanensa, iyaye mata sun tsaya daga bayan katanga, Alaramma ya shimfiɗa buzunsa a inuwar da babu abin da zai wuce shi. Na ce a yi dirjin ƙarshe, kowa ya cika baki da gawayi. Don kada a ɓata lokaci, na tafi rijiyar makaranta da kaina in jawo ruwan kurkura. Na zura guga, na miƙa hannu in kama bakin igiya inda na gan shi, ashe ba can yake ba. Igiya ta bi guga, na ji ƙundum daga ƙasa.

A daidai nan motar En'e ta yi ƙaho a bakin ƙofa.

Yara suka ruga suka jeru yadda na koya musu, suka buɗe baki suka kama waƙar maraba. Baki arba'in da biyu, kowane baƙi ƙirin har leɓe, har haɓa. Malamin asibitin, Malam Zainulabidin sunansa, ya sauko daga mota, ya cire tabarau ya goge, ya mayar ya sake dubawa.

"Malam, yaran nan gindin tukunya suka lasa?"

"Sabon tsarin tsafta ne, ranka ya daɗe."

"To a kawo ruwa mu ga ƙarshen tsarin."

Ruwa kuwa babu sai a tulun Fatsuma. Na je na tsaya a kanta ina murmushi.

"Hajiyar zaƙi, a taimaka."

"Dokar tana nan ko ta tashi?"

"Ta tashi."

"Ban ji ba, ɗaga murya yara su ji."

Na ɗaga murya. Yara suka yi sowa da baƙin bakinsu. Da aka kurkure, Malam Zainulabidin ya bi su ɗaya-ɗaya da ɗan madubinsa. Haƙora lafiya lau, sai uku da suka fara rami. Dasashi kuwa duk ya yi jawur, wasu har jini. Ya tambayi wanda ya sa su wannan aika-aika, na dubi sama kamar mai neman hadari. Ya ce wa iyaye aswaki kaɗai ya isa, a hankali, ba kamar ana kankare ƙwarya ba.

Na ce a raina, haƙori ƙaramin fanni ne. Bari a zo kan ido su ga aiki.

Aka rataye allo a bangon ajina, aka buɗe tagogi saboda haske, jama'a suka cika su da kawuna. Aka kira Bobbo, ɗan wani makiyayi, yaro mai ido kamar na shaho. Kafin sanda ta taɓa allo ya ɗauka.

"Sama! Dama, ƙasa! Hagu, sama, dama!"

Ya sauke layi huɗu ba gargada. Na dubi Alaramma na ɗaga gira. Da aka zo ukun ƙasa, Malam Zainulabidin ya ɗan yamutsa fuska ya yi rubutu. Aka kira na biyu. Huɗu daidai, uku a karkace. Na uku ma haka, kuma karkacewar iri ɗaya, harafi da harafi.

"Ikon Allah," in ji shi. "Na ga ciwon ido mai yaɗuwa, amma ban taɓa ganin kuskure mai yaɗuwa ba."

Ya sake kiran Bobbo, ya ɗora sanda a tsakiyar layi na biyar.

"Wannan kaɗai. Ina ya duba?"

Bobbo ya dubi harafin, na san ya gan shi sarai. Ya dube ni, ya dubi bulalata. Ya runtse ido, ya soma rangaji.

"Sama! Dama, ƙasa!"

Sauran yaran da ke jere a waje suka ji an ɗauko daga farko, ai sai suka amsa gaba ɗaya. Matan bayan katanga ma wasu suka taya. Alaramma ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na rawa.

Malam Jumare, don ya rufa mini asiri, ya matso ya ce, "A yi masa uzuri, ranka ya daɗe. Malam Maiwada bai da lafiya satin nan. Haƙori ya kai shi har Makarfi ranar Laraba."

"Makarfi? Ranar Laraba?" Malam Zainulabidin ya ƙura mini ido. "Af. Kai ne na taga. Ya ɓawon raken?"

Dagaci ya rufe baki da gefen rawani. Ni kuwa na ji gumi yana bin bayana har cikin wando, amma bakina bai mutu ba.

"Ranka ya daɗe, waɗannan tsoro ne ya ruɗa su. A kira 'yata. Ita ce ta ɗaya a ajin."

"A kira ta."

Yana faɗin haka ya juya ya sauke allon daga ƙusa, ya kife shi a kan tebur, ya bar bango fari fat. Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga mini yatsa. Ummuhani ta shigo da sabon kallabin da uwarta ta ɗaura mata, ta tsaya a kan layin da aka ja da alli. Ya ɗora sandarsa a kan bangon da babu komai.

"Karanta mini, 'yan mata."

Ta ƙanƙance ido ta dubi bangon, ta gyara tsayuwa, ta ɗauka da muryarta mai daɗi. Layi na ɗaya, na biyu, har na bakwai, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Mutanen taga suka fara dariya, amma kafin ta kai layi na huɗu dariyar ta mutu. Da ta gama ta juyo wajen da take jin numfashina tana murmushi.

"Baba, na yi daidai?"

Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba. Taku goma tsakaninta da bango, 'yata ba ta san an cire allo ba. Da mutumin nan bai waiwayo ta taga a Makarfi ba, da na kwafe layukan ƙasa daidai, da an rubuta ta cikin masu lafiya, motar ta tafi ta bar ta. Ni ubanta na yi kwana huɗu ina wahala don hakan ta faru.

"Kin yi daidai," in ji Malam Zainulabidin. "Ba ke kika yi kuskure ba."

Ya zaro wani allon daga jakarsa, mai jeri daban, ya sake gwada ajin tun daga farko. Yara biyar aka samu da rauni, Ummuhani ce kan gaba, harafin sama kaɗai take gani. Da ya gama rubuta sunayensu ya miƙo mini hannu.

"Malam, taka layin nan."

"Ni ai ba ɗan makaranta ba ne."

"Mai hango kaska a Likoro, me zai tsorata?" in ji Alaramma daga taga.

Na taka. Na ɗaya na ci, na biyu na ci, na uku da na huɗu na lallaɓa. Na biyar sai tururuwar nan ta Makarfi ta dawo. Na yi gyaran murya. Can sai na ji bakina da kansa ya ce, "Sama! Dama, ƙasa!"

An ce har masu yankan rake a fadama sun jiyo dariyar. Malam Zainulabidin bai bar ni haka ba, ya ce in buɗe baki ya ga haƙorin da ya kai ni Makarfi. Ƙarya na yi, amma ya samu rami biyu, kowane ƙwayar dawa za ta zauna a ciki. Fatsuma ta ce sakamakon bincike ne ya fito.

Ranar Alhamis motar En'e ta kwashe mu zuwa Zariya, yara biyar da malaminsu na shida. Uwaliya ta rako mu har bakin mota. Bayan mako uku aka aiko da tabarau a makaranta. Na karɓi nawa da nata na kawo gida.

A tsakar gida na durƙusa na saƙala mata. Ta dubi katanga, ta dubi kajin uwarta, ta dubi uwar. Sannan ta juyo ta tsaya a kaina, ta daɗe tana kallo, har na fara tsarguwa.

"Baba," ta ce, "ashe haka fuskarka take."

Shekara tara yarinyar nan tana gidana, shekara guda tana ajina. Uwaliya ta juya baya tana goge ido da bakin zane. Ni kuwa tabarau sabo ya yi mini hazo, na cire na ce ƙura ce. Har yau ban yi ƙarfin halin tambayarta ko yabo ne ba.